Harajin baƙi masu sayen gida: in mun kwaikwayi Toronto, wa za a kira baƙo a Nima?

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, na san za ta yi tsawo amma a yi haƙuri da ni, magana ce kan harajin baƙi masu sayen gida da muka kwana uku muna ja a bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu, har ataya ya huce a kofi ba a sha ba, na ce bari in rubuto ko wasu za su sa baki.

Ni mai gyaran AC da firij ne, a Mamobi nake nan Akra, haya nake, camba an hol, wato ɗaki da falo, ni da mai ɗakina da yara uku. Ƙanina da ke bi na yana Toronto a ƙasar Kanada, babbar mota yake ja, takardar aiki ce a hannunsa, ta zaman dindindin ba ta fito ba tukuna. Kwanaki ya turo min murya a WhatsApp ta minti tara, daga jin sallamar na san ransa a ɓace yake. Wai Yaya ni dai na haƙura da maganar sayen gida a garin nan. Shi da matarsa sun yi shekaru suna tari suna hana cikinsu, ya je wajen lauya aka buga masa lissafi sai ya ga harajin da za a ɗora masa don kawai shi baƙo ne ya fi duk abin da suka tara. Na ce kai dai ka cika ƙarin gishiri, ya ce wallahi Yaya ba ƙari, ya karanto min.

Kuma haka abin yake. Jihar Ontario inda Toronto take, tun 2017 ta sa wa baƙi haraji na musamman in za su sayi gidan zama, an fara da kashi 15 cikin 100, a 2022 aka ɗaga zuwa 20, shekarar ba ta ƙare ba aka kai shi 25. Ita kuma hukumar birnin Toronto ta ga ba za a ci babu ita ba, daga 1 ga Janairun 2025 ta ɗora nata kashi 10 a kai. 35 kenan. Gidan dala miliyan ɗaya ta Kanada, wanda a Toronto ba wani gidan a zo a gani ba ne, sai ka ware dubu 350 a gefe kafin ma a zo kan harajin sauya suna da kowa ke biya, shi ma ɗin a Toronto biyu ne, na jiha da na birni. A yankin Vankuva, can Kanadar dai, aka fara wannan abu, 2016 da kashi 15, 2018 ya koma 20. Gwamnatin tarayyarsu ma tun farkon 2023 ta hana yawancin baƙi sayen gida ɗungurungum, ta kuma ja wa'adin zuwa 2027, irin su ƙanina masu takardar aiki ne aka ɗan bar wa ƙofa a buɗe, to ga abin da ke jiransu a bayan ƙofar. An ce masa in takardar dindindin ta fito cikin shekara huɗu zai iya neman a mayar masa da kuɗin, amma ai sai ka fara biya, a ina zai samo?

Da na kunna muryar a bes, ni ina jira a tausaya wa yaron, sai wuri ya kaure da shewa. Wani ya ce wallahi Turawan nan sun san abin da suke yi, mu ne nan muke ta barci. Wani mai bin labarai ya ce ai ko Singafo kashi 60 take karɓa a hannun baƙo tun 2023, a zo a sa mana 50 a Cantonments da East Legon mu ga in haya ba ta sauko ba. Ba zan ɓoye maka ba Malam Edita, daren farko ni ma ina cikin masu cewa a yi, har ina buga benci. Kuma ina da dalilina, don gidajen nan da ƙafata nake shigarsu.

Akwai wani bene a Airport Residential, ba zan faɗi sunansa ba, duk wata uku ake kirana in yi wa AC sabis. Kiyataka, wato mai kula da gidan, shi ke gaba da tarin makullai a cikin tsohuwar robar fenti, ni ina biye da tsani da jakar kayan aiki, muna buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ka shiga filat warin rufaffen ɗaki ya dake ka, katifa da ledarta ba a cire ba, firij a buɗe da takardun kamfani a ciki, famfon bayi in ka murɗa sai ya yi tari ya tofo jan ruwa kafin fari ya zo. Filtar da aka kira ni in wanke fes take don ba mai kunnawa, sai dai in duba gas, in kunna minti goma, in kashe, in sa hannu a takarda. Na taɓa tambayarsa na ce Bosu, masu gidajen nan fa? Ya ce wannan yana Landan, wannan yana Amurka Disamba kaɗai yake leƙowa, wancan kuwa tun da ya saya ban taɓa ganin fuskarsa ba, lauya ne ke turo kuɗin sabis. In na fita barandar hawa na sama don duba injin waje, ga Mamobi da Nima can a shimfiɗe, kwano kan kwano duk tsatsa, har nakan tsaya ina neman rufin gidanmu, inda in dare ya yi sai an ture tebur gefe kafin babban ɗana ya samu wurin shimfiɗa tabarma a hol, da asuba kuma ya kama layin bayan gida na kuɗi kafin makaranta. To mutum ya sauko daga can a ce masa za a ci masu wannan gidaje haraji, me kake so ya ce?

Ga kuma ta gida. Watan jiya mai gidanmu ya aiko a kira ni, Alhaji ne dattijo, tun ina yaro nake durƙusa masa. Ya ce ɗana, hayarka ƙarshen shekara za ta ƙare, in za ka ci gaba adbans ɗin shekara biyu ne, kuma kuɗin ya ɗan motsa. Na ce Baaba, doka fa wata shida ta ce. Ya yi dariya har da tafa hannu ya ce to tashi ka je ka tare a cikin dokar. Kowa a ƙasar nan ya san dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata shida, kowa kuma ya san ba a bi, don in ka ƙi akwai goma a bayanka da kuɗi a hannu. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faɗa daga baya, wai sau biyu ejen na kawo wasu mutane suna taya gidan gaba ɗaya da dala, za su rushe su ta da bene, 'ya'yansa na ta matsa masa ya karɓa. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan nan, ko wane ɗaki da iyali a ciki.

Ban ga laifin masu tayi ba, ido gare su. Nima da Mamobi a tsakiyar tsoka suke, Kanda a nan, Roman Ridge da Airport a can, Cantonments ba nisa, fadar shugaban ƙasa ma da ƙafa za ka je. Lokacin da Malam Amadu Futa, wanda ya kafa Nima, ya sauka wurin da shanunsa a shekarun 1930 bayan gari ne, yau gari ya zagaye mu ya bar mu a tsakiya. Babban Bankin Gana ya sha fitar da sanarwa cewa laifi ne a sa farashi da dala, amma buɗe duk wani tallan gida na unguwannin can ka gani da wane kuɗi aka rubuta. A 2007 da aka canza kuɗi sidi ɗaya har ya ɗan fi dala ɗaya nauyi, a ƙarshen 2022 sai da dala ta doshi sidi 15 a wajen 'yan canji, duk mai kuɗi ya gane gara ya zuba su a bulo da siminti. Ga Shekarar Dawowa ta 2019 da ta jawo 'yan'uwa baƙaƙe daga Amurka da sauran wurare, ga gwamnati da bakinta tana cewa ƙasar na da giɓin gidaje miliyan 1.8. Duk wannan na tara a kaina na ce a sa harajin kawai.

Dare na biyu ne wani tsoho mai sayar da goro da ke zama gefenmu, wanda ba ya cika sa baki a hirar yara, ya ajiye rediyonsa ya ce, ku da kuke ta baƙi baƙi tun jiya, in an tashi ƙirga baƙin da wa kuke zaton za a fara? Wuri ya yi tsit. Ya ce shi yana saurayi a Nuwamban 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da odar baƙi, duk wanda ba shi da takardar zama sati biyu aka ba shi ya bar ƙasa. Ya ce da idonsa ya ga mutanen da aka haifa a nan, iyayensu a nan suka tsufa, suna ɗaure tukwane da tabarmi a bakin titi suna jiran mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Maƙwabciyarsu wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta saki gidanta a kuɗin da ko rufinsa ba zai yi ba, kuma wanda ya saya ba talaka ba ne, talaka ina ya ga kuɗi cikin sati biyu. Ya ce shi dai bai ga Bature ko ɗaya a bayan akori-kura ba, mutanen zango ya gani, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Fulani. Najeriya kuma ta rama a 1983 zamanin Shagari, ta kori baƙi har jakar nan ta Gana-mas-go ta samu sunan da take da shi yau. Yana gama faɗa ya ɗauki rediyonsa ya ci gaba da sauraro kamar bai ce komai ba.

Ni kuwa maganar ta taɓa min wani tsohon miki. A Nima aka haife ni, babana a Kumasi aka haife shi, kakana ya zo da fataucin goro tun Gana ba ta zama Gana ba, yana kwance a maƙabartar Tafo. Amma ranar da na je yin wani kati a wani ofis, matar da ke kan tebur ta kalli sunana ta ɗago ta kalle ni ta ce ina ne garinku. Na ce Nima. Ta ce a'a, garinku na asali. Na ce Kumasi. Sai ta ajiye biro ta ce in koma gefe. Wanda ke bayana a layi sunansa irin na nan kudu, minti biyar aka gama da shi ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba, ni sai da na rufe shago kwana biyu, na ɗauko kawuna da sandarsa da wasu tsofaffin takardu da gara ta fara ci, ya rantse a kaina sannan aka yi min. Kuma tun 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta isa shaidar zama ɗan ƙasa ba. Duk ɗan zango da ke karanta wannan ya san abin da nake faɗa, in ba a yi masa ba an yi wa wani nasa.

To yanzu a ce an ba wa ma'aikacin asambili, wato ƙaramar hukuma, ikon ya ce wannan baƙo ne ya biya kashi 30, wannan ɗan ƙasa ne ya wuce. Mai filat ɗin Airport ba za a ma ga ƙeyarsa ba, lauyansa ne zai je da fayil a shirye. Direban trotro ɗan zango da ya yi shekara 20 yana adashi zai sayi rabin fuloti da ɗaki biyu a Kasoa ko Ashaiman, shi ne zai tsaya gaban tebur ana tambayarsa garin kakansa, ƙarshenta ko ya biya harajin da ba nasa ba ko ya sa wani abu a cikin ambulan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, su wa ke saye? Akwai baƙi, ban musa ba, 'yan Najeriya masu hali, 'yan Labanan, 'yan Sin, da sauransu. Amma a benen da nake zuwa, sunayen da aka liƙa jikin makullan nan yawancinsu namu ne na Gana. Borga ne, wato 'yan Gana mazauna waje, da ke Landan da Hambog da Bronx, da manyan gari da ke neman inda za su jingine kuɗi kar sidi ya cinye su. Borga mai fasfo biyu kuwa a doka ɗan ƙasa ne cikakke, harajin baƙi ba zai ko shafi inuwarsa ba. Kuma mutane sun manta Gana ta riga ta ɗaure baƙo tun tuni, sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 ya hana shi mallakar ƙasa ta har abada, iyakarsa hayar shekara 50 a lokaci ɗaya, ɗan ƙasa kuwa akan ba shi har 99. Dokar filaye ta 2020 ta ƙara da cewa kamfanin da baƙi ke riƙe da fiye da kashi 40 nasa shi ma baƙo ne. Ya hana wani abu? A sa sunan mata, a sa sunan direba, a buɗe kamfani da sunan ɗan gari a gaba, kamar yadda ake yi da shagunan kasuwa. Filaye da yawa ma a garin nan daga hannun sarki ko dangi ake saye, a riƙe indenca, wato takardar ciniki, a ƙarƙashin katifa shekara goma ba a kai rajista ba, wa zai karɓi harajin cinikin da bai san an yi ba?

Da na sake kiran ƙanina na faɗa masa yadda aka kwashe, sai ya nuna min wani abin da ban lura ba. Ya ce Yaya, harajin nan sunansa na waɗanda ba mazauna ba, amma takarda yake dubawa. Shi da ke kwana yana tashi a garin, ana cire masa haraji a albashi duk wata, ya shiga ciki, wani mai fasfon Kanada da ke zaune a Dubai ya sayi filat uku ya kulle bai shiga ba. Ingila wata hanya ta bi, nata ɗan kaɗan ne, kashi 2 tun Afrilun 2021, amma kwana take ƙirgawa, in ba ka yi kwana 183 a ƙasar ba cikin shekarar da ta gabaci sayen za ka biya ko da a Landan aka yanke cibiyarka. Wannan ya fi kwanta min a rai don ba ruwansa da sunanka ko inda kakanka ya fito.

Game da saukar farashi kuwa, abokina mai cewa a sa 50 haya za ta sauko, ya ɗan dakata. A Vankuva da Toronto kasuwa ta yi sanyi bayan harajin, baƙi sun ja baya, amma ba a daɗe ba farashi ya ci gaba da hawansa, sai da babban bankinsu ya tsawwala kuɗin ruwa a 2022 aka ga ya karye. Ƙanina har yau a ɗakin ƙasa na gidan wani yake haya.

Abin da ni na fito da shi daga wannan musu, ni dai ra'ayina ne, ƙofar da ke kulle ya kamata a ci wa haraji, ko ta wace ce. Kuma waɗannan biranen biyu suna da irinsa, mu ne muka tsallake shi muka kama na baƙi don ya fi daɗin faɗa. Vankuva ta fara harajin gidan da ba kowa a 2017 da kashi 1 na darajar gidan duk shekara, daga baya ya kai 3, Toronto ta bi sahu a 2022, ita ma nata ya koma 3 daga 2024. Duk shekara mai gida zai bayyana ko da mutum a ciki, in ya fi wata shida a rufe ba da uzurin da doka ta yarda da shi ba sai ya biya, ɗan ƙasa ne ko baƙo. A nan ma ba sai an sha wahalar bincike ba, mitar wuta ba ta ƙarya, filat mai AC huɗu da ba a saya wa wutar kirki ba wata takwas ai ya faɗi kansa. A fara da manyan gidaje masu tsada, a ƙyale talaka da kangonsa da yake ɗora bulo goma goma. Mai filat ko ya sa ɗan haya ko ya biya, in ya sa ɗan haya na san ba ni zan shiga ba, amma ma'aikacin banki da ya shiga can ya bar wani ɗaki a Kokomlemle ko Newtown, wani ya matsa, a haka har numfashi ya iso gare mu.

Sai dai fa a sani asambili ba ta da ikon ƙirƙiro sabon haraji irin wannan don kanta, tsarin mulki ya ce sai da dokar majalisa, ita ma Toronto wata dokar jiha ce ta 2006 ta ba ta ikon. Abin da ke hannun asambili shi ne furofati ret, harajin gida na shekara, shi ma kowa ya ga rawar da aka yi da shi, a 2023 aka ɗauke karɓarsa aka ba hukumar haraji ta ƙasa GRA, asambiloli suka yi ta kuka kuɗi ba ya shigowa, aka dawo musu da abinsu. Kuɗin hatimi na sayen gida kuma, wanda bai fi kashi 1 ba, aljihun gwamnatin tsakiya yake tafiya. Don haka maganar 'yan majalisa ce, namu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa su ji.

Kuma akwai wani tarko da ban ji kowa ya ambata a bes ba. Akra yanzu ba asambili ɗaya ba ce, an yayyanka ta. Cantonments na ƙarƙashin La Dade-Kotopon, Airport Residential da East Legon na Ayawaso ta Yamma, mu Nima da Mamobi tun 2018 aka ba kowa tasa. Kenan in haraji na birni ne kowa ya ci abin da ya kama a gonarsa, kuɗin zai faɗa inda dama akwai kwalta da fitila, mu da ake turewa daga ɗakunanmu ko ƙwandala ba za mu gani ba, babbar gotar Nima ta ci gaba da ambaliya duk damina. In za a rubuta dokar a rubuta da rabo a ciki, a kuma ɗaure kuɗin kan ɗakunan haya da magudanan ruwa a fili inda kowa zai gani. Ba na son in ji an ce za a gina mana wani sabon gari a daji, mun ga Saglemi, dala miliyan 200 da gidaje wajen 1,500 suka yi shekaru ciyawa na cinye su.

Na san wani zai ce kai da kake ci daga gidajen nan kake neman a kore su. Gaskiya ne, sabis ɗin benen can shi ke biyan kuɗin makarantar 'yata, kuma magina da masu tayil da masu fenti na unguwarmu da yawa a can suke samun na cefane. Ban ce a kori kowa ba, su saya su gina Allah ya ƙara musu. AC ɗin da ake kunnawa ma ai ya fi kawo min aiki kan wanda ke rataye yana kallon bango.

Abin dariyar shi ne ƙanin nawa ma yana da gini a Amasaman, ɗaki biyu da falo an yi rufi an sa ƙofa, shekara uku a kulle yana jiran ranar da zai dawo. Na ce masa ka ga in maganata ta zama doka wata rana har kai za ta iya taɓawa. Ya ce haba Yaya, can a ci ni don ni baƙo ne, nan a ci ni don ba na nan? Muka yi dariya, can ya yi shiru ya ce to makullin na wajen Mma, ka je ka karɓa ka duba in zai yi muku. Ranar Asabar zan je in gani, mai ɗakina dai ta riga ta ce ita ba ta ga yadda za ta bar kasuwar Nima da makarantar allon yara ba, ni kuma ina lissafin go-silon hanyar Pokuase safe da yamma da tsani a kan trotro. Alhaji ya ba ni zuwa ƙarshen wata in ba shi amsa.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka turo wakilinku wani dare wajen ƙarfe tara, ba a Disamba ba, ya zagaya Airport da Cantonments ya ƙirga tagogin da ke da haske a benayen nan, daga nan ya gangaro Mamobi ya tambayi gida uku kawai mutum nawa ke kwana a ɗaki. In ya iso ya tambayi bes ɗin masu ataya na kusa da gota, zan raka shi, tsohon mai goro ma yana nan har goma.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran AC, Mamobi, Akra